Akwatin kifin Inna

Shekarun baya, wajen shekarun babban farin nan, akwai akwatin gilashi a ɗakin mahaifiyata a Gumel, da kifaye biyu jajaye a ciki. Ita 'yar bakin kogi ce, aure ya kawo ta garin da ruwa sai a rijiya. Da wani malamin sakandare Ba'indiye zai koma gida, mahaifina ya karɓo mata akwatin, yana tsokanarta wai ga koginta ya kawo mata har ɗaki.

Bayan rasuwarsa, tana takaba, kusan kullum a gaban akwatin take wuni. Ko ruwan wankanta sai ta rage don ta ƙara musu.

Bakin akwatin zagaye yake da baƙar roba, ita ke riƙe gilasan huɗu kada nauyin ruwa ya buɗe su. Zafin bazara ya busar da ita ta tsage, gilashin gaba ya fara yin ciki.

Baffana, ƙanin mahaifina, ya zo daga Gagarawa duba mu. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo.

"Yaya, kada ki damu," in ji shi. "Turmi ma idan ya tsage, da ɗanyar fata muke ɗaure shi, ya ƙara shekaru ana daka."

Muka kwashe kifin a ƙwarya, ya ɓamɓare robar da wuƙa a hankali, ya jiƙa fata ya naɗe bakin tamau. Ni da nake taƙama da boko har tafa masa na yi. Inna ta yi ta sa masa albarka, ranar ce ta fara dariya tun rasuwar.

Ba wanda ya tuna cewa fata tana ƙara matsewa idan ta bushe. Turmi yana jurewa, gilashi ba ya iyawa. Washegari da azahar muka ji ƙas, ruwa ya malale tabarma. Inna ta tsince kifayen da hannunta, gilashi ya yanke ta ba ta ma sani ba.

Baffa ya rasa inda zai sa kansa.

"Ka yi don Allah ne," ta ce masa. "Tashi ka ci abinci."

Kifayen ba su mutu ba. Muka zuba su a kwatarniya, na ce mata ai an yi sa'a. Ta leƙa ciki.

"A gilashi suna zuwa su dube ni," ta ce. "Nan kuwa bayansu kawai nake gani, kamar masu tafiya."

Daga baya na ji cewa da siraran gilashi ake tokare irin wannan akwati, a manna su a gicciye. A lokacin ba mai wannan sanin a garinmu. Har yau idan na ga akwatin kifi a wani ofis sai zuciyata ta karye. Inna ta ci gaba da ba su abinci har suka ƙare, amma ba ta sake zama a gabansu ba.