Dutsen da Vinka Take Tura Baƙi

Vinka ta tsufa tana ba masu yawon buɗe ido hayar ɗaki a tsibirin Lastovo. Kowace yamma magana ɗaya take yi wa baƙinta: su bi ta kurmin bakin teku, su hau dutse su kalli faɗuwar rana. Ita kuwa ba ta taɓa hawa ba, korarsu kawai take yi. Da sun fita sai ta sakaya ƙofa, ta tuɓe a tsakar gida, ta yi wankanta a gindin ɓaure tana waƙa son ranta.

Da likita ya ce sai ta riƙa tattaki, maƙwabciyarta Jerka ta ja ta suka hau. Suka ratsa itatuwa suka ɓulla kan dutsen, ga ruwan teku ya yi jawur. Vinka ta leƙa ƙasa, sai ta sandare. Ga tsakar gidanta ƙuru-ƙuru, har shuɗin bokitinta ana gani.

"Jerka, tun yaushe ake hango gidana daga nan?"

"Tun ranar da aka gina shi mana, ƙawata. Ai mun ɗauka kin sani."

"Ke da wa?"

"Duk garin."

Vinka ta zauna daɓas, baki buɗe. Sai yanzu ta gane dalilin da wani dattijon Bajamushe cikin baƙinta yake dawowa kowace shekara da madubin hangen nesa a wuya, wai shi tsuntsaye yake kallo.