Jar Wutar da Inna Ta Kashe

Ranar wata Asabar ce da hantsi, a kakar shekarar da na shiga aji biyar na firamare. Ni da Yaya Habu muna durƙushe gaban talabijin ɗin Babanmu a Funtuwa, gumi na bin bayanmu, mun iso ƙofar bos, wato babban abokin gaba na ƙarshe a gem ɗin da muke bugawa, da sauran rai biyu. Tunda muka fara buga gem ɗin nan ba mu taɓa zuwa wurin ba. Yaya Habu ya gyara zama ke nan, sai muryar Baba ta taso daga zaure: "Habu, ku fito da buhuna, rana tana yi!"

Gem ɗin ba namu ba ne. Kawu Sule, ƙanin Inna, direban babbar mota mai kai masara kudu, shi ya sayo wa 'ya'yansa da ke Malumfashi, ya ajiye a gidanmu kafin ya je ya dawo. Kuma a ranar nan da la'asar zai biyo ya ɗauki abinsa. Wata 'yar farar na'ura ce mai kaset rawaya, wanda ba ya kamawa sai an hura masa iska an ɗan bubbuga shi a gwiwa. A ciki wani ɗan maharbi ne ke ratsa daji da kogi da duwatsu, kuma rai uku kacal ake ba shi. Ƙaya ta taɓa shi, ya mutu. Ya yi tsalle bai kai ba, ya mutu. In ran nan uku suka ƙare, ko da ka ga ƙofar ƙarshe da idonka, gem ɗin zai maido ka gindin bishiyar farko ba ko sannu. Ba ya ajiye maka inda ka tsaya, ba ya nuna maka hanya. Ni dai har yau ina zargin wanda ya ƙera shi bai taɓa son yara ba.

Dole muka haddace shi. Na san bayan gada ta biyu akwai kifin da ke tasowa, na san dutsen da ke zamewa in ka daɗe a kansa. A makaranta, lokacin tara, yara suna can suna langa da ƙwallon tsumma, mu muna gindin dalbejiya muna zana taswirar kogin a ƙasa da tsinke, ana gardamar inda ya kamata a yi tsalle. A gida kuwa Inna ba ta taɓa ganin saurin aiki irin na kwanakin nan ba: kafin ta rufe baki mun cika randuna, mun zuba wa awaki harawa, mun kai niƙa mun dawo. Babban abin tsoronmu biyu ne, ɗauke wuta da zafin adafta, wani baƙin dunƙule da ake soka wa a bango. Shi kam muna ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma, wanda ba ya riƙe da abin dannawa ya yi ta yi masa fifita da mafici.

Da Baba ya sake kira, Yaya Habu ya yi wata dabara. Ya tsayar da gem ɗin, ya kashe talabijin, ya bar na'urar a kunne, sannan ya kifa faifai a kan 'yar jar wutar da ke gabanta don kada Baba ya gani. Muka fita muna roƙon Allah kada a ɗauke wuta.

Gonarmu ta auduga tana kan hanyar Bakori. Wanda ya taɓa cirar auduga ya san yadda busasshen ɓawonta ke soke gefen farce, ga manyan yatsunmu dama sun yi kanta saboda danne-danne. Amma ranar nan ko a jikinmu. Muna cira muna turawa a buhu, ba hira, ba neman gwandar daji, ko furar da aka kawo a tsaye muka sha. Baba ya dube mu ya dubi buhunan, ya ce lallai yaran nan sun fara hankali. Da muka shigo gari bayan azahar, na hango ƙwan lantarki yana ci a shagon mai aski, muka tambaye shi, ya ce tun safe ba a ɗauke ba. Da gudu muka ƙarasa gida.

Faifan yana nan inda muka kifa shi. Jar wutar ce babu. Adafta kuwa ga shi can a kan murfin randa, an naɗe shi da jiƙaƙƙen ƙyalle.

Inna mace ce da ba ta barin wuta a bayanta. Tana yarinya gobara ta cinye rumbunan gidansu a ƙauye daga garwashi ɗaya da aka manta, shi ya sa ko maƙwabta za ta leƙa sai ta tona tokar murhu ta yayyafa ruwa. Ranar nan za ta fita barka, ta shiga ɗaki ɗaukar mayafi, ta hango ja-ja a ƙarƙashin faifan kaba. Ta tare mu da fara'arta tana cewa, "Ku gode wa Allah da ya sa na gani. Baƙin abin nan har ya kusa ƙona mini hannu. Da na fita ai da toka za mu tarar." Godiya take jira. Yaya Habu, ɗan sakandare guda, ya zauna a bakin ƙofa ya fashe da kuka, ni ma na taya shi. Mun sake gwadawa daga gindin bishiya, amma yatsu sun kumbura, zuciya ta ɓaci, ko kogin ba mu haye ba muka ji hon ɗin motar Kawu Sule. Da yamma aka sa tuwon masara miyar kuɓewa, muka ce mun ƙoshi.

Yanzu ɗana Abba yana buga nasa a waya. In ya mutu, nan take ya tashi a inda ya faɗi. Ga kibiya tana nuna masa hanya, ga zaɓin mai sauƙi ko mai wuya, in aka kira shi aike ya jefa wayar a aljihu, ya dawo ya tarar da komai yana jiransa. Nakan yi masa tsiya in ce wannan ai reno ne, ba gem ba. Rannan ya miƙo mini, na yi ta juyi a wuri ɗaya ina kallon bango, yana dariya har da riƙe ciki. Na yarda nasu ma da wuyarsa, sai dai ba a yin asara a cikinsa. Mu kuwa kowane tsalle da fargaba muke yinsa, shi ya sa daɗin hayewa yake kai mana har ƙashi.

Kakar bara Yaya Habu ya zo daga Malumfashi, inda yake sayar da taki yanzu, muna zaune a tsakar gida da Inna labarin ya taso. Abba ya yi 'yan danne-danne a wayarsa da ke jikin caji, sai ga bidiyon wani yana buga gem ɗinmu har ƙarshe. Muka haɗa kai, mu masu furfura, muna kallo. Bos ya faɗi, ɗan maharbi ya ɗaga hannu, allo ya yi baƙi da ɗan rubutu layi biyu, sai ga shi kuma a gindin bishiyar farko. Shi ke nan. Inna ta gyara tabarau ta ce, "Wannan ne abin da aka ƙi mini tuwo a kansa?" Muka yi dariya har Yaya Habu yana share hawaye, ban kuma tambaye shi ko duk na dariya ne ba. Inna ta dafa ƙasa za ta tashi, hannunta ya taɓa kan cajin, ta ji ɗumi, ta zare shi daga bango. Ƙarshen da na yi shekaru ina ƙerawa a raina ya fi na gaskiyar kyau nesa ba kusa ba, kuma Inna ce ta bar mini shi.