Inda Za a Kwantar da Sisi Remi

Ranar Talata, sha ɗaya ga Nuwamba, da hantsi, ƙararrawar coci ta fara bugawa ɗaya bayan ɗaya. Na ƙirga har tamanin da ɗaya. Ban tambayi kowa ba. Mu biyu ne a ƙauyen nan masu waɗannan shekarun, ni kuwa ga ni zaune a ƙofar gidana. Haka na san Ubangiji ya kira ki, Sisi Remilekun Pratt, 'yar gidan Thorpe, malamar da ta koyar da rabin mutanen kan dutsen nan karatu.

Ni Ekundayo Decker ban shiga cikin rabin ba. Ban taɓa zama a aji ba. Abin da na sani shi ne maƙabartar bayan coci: wane ne a kwance a ina, me ya kashe shi, wa ya ɗauki makararsa. Kakana ya haƙa a wurin, ubana ya haƙa, ni ma na haƙa har bayana ya ƙi.

Kowace Sabuwar Shekara, in iyalai sun zo sun shafa wa kaburbura farar ƙasa, sun jefa goro, sun tafi, ke kike biyo baya da ƙusa kina ƙwaƙule farar da ta cike baƙaƙen sunayen da ke jikin duwatsun, sannan ki bi su da baƙin fenti a gashin kaza. Har kaburburan waɗanda jikokinsu suka ƙetare teku suka manta hanya ba ki tsallake ba. Kina karanta suna, ina ba ki labarin mai sunan. In rana ta take ki kwance ƙullin akara, ƙosanmu na nan, da ruwan citta mu zauna a kan katanga. Kika ce mini wata rana, "Bra Dayo, ni na san baƙaƙe, kai ka san mutane. In aka haɗa mu sai a sami mai hankali ɗaya." Na ce ai rabina ya fi nauyi. Kika ce, "Taurin kai ne ya ƙara masa nauyi."

Akwai abin da kika rufa mini shekara hamsin, yau zan faɗa da bakina. Shekarar da ruwa ya kwashe gangaren maƙabarta, duwatsun kaburbura sun zube ƙasa wajen rafi. Ni na kwaso su na kafa. Na san wurin kowa, amma ban san abin da kowane dutse yake faɗa ba, kunya kuma ta hana ni tambaya. Na bi girma da launi. Dutsen mahaifiyarki, Mami Cassandra, na kafa shi a kan kabarin gidan Nicol, nasu kuma a kan nata. Sai da kika dawo daga Freetown kika tsaya kina kuka a gaban dutsen, na ce miki ba nan take ba, sannan muka gane. Gidan Nicol suka ce dutse ya riga ya zauna, ba mai taɓa shi. Ba ki taɓa gaya wa kowa hannun wa ya yi ɓarnar ba. Abu ɗaya kika roƙe ni, bara ma kin maimaita: "Kusa da Mami za ka sa ni. Ka kai ni wurin 'yan Nicol, da suka yi shekara talatin suna faɗa da ita a kan benci a coci, sai na tashi na biyo ka."

Da ɗanki Desmond ya sauka daga Landan, kai tsaye gaban dutsen ya je ya ce a haƙa nan. Na ce ba za a haƙa ba. Ya ce, "Pa Decker, ga sunan kakata a rubuce." Na ce, "Ɗana, ni na ɗauko rubutun nan a ka na ajiye shi inda kake gani." Fasto ya ce littafin coci na wancan zamani ruwa ya cinye shi. Na zauna a inda Desmond ya nuna na ce sai dai a haƙa da ni. Daga ƙarshe Fasto ya ce a gwada inda na nuna, zurfin gwiwa kawai. Na ce za a tarar da jan tubali, domin mahaifinki da shi ya gina wa matarsa, ya bar gefe ɗaya fili.

Sisi, abin da ban gaya musu ba shi ne tun damina kaina ya fara yi mini gardama. Sau biyu na kira Faulkner a kan kabarin Metzger, kika yi tari kika gyara mini kamar ba ki ji ba. Jiya Alhamis ba mai yi mini tari. Aka haƙa har gwiwa, ƙasa ce kawai. Desmond ya dubi agogo. Na ce a matsa taki ɗaya hagu. Diga ta uku ta yi ƙara a kan tubali.

Gobe Asabar za ki kwanta kusa da Mami. Amma taki ɗaya na kuskure, ni da a da ko ido a rufe ba na kuskuren tafin hannu. Duwatsu arba'in da biyu na kafa a shekarar ruwan nan. Goma sha tara muka tabbatar tare. Sauran muka ce sai Sabuwar Shekara.

Ina yi wa Desmond da 'yarki Yomi da jikoki, da gidan Pratt da gidan Thorpe, ta'aziyya. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku. Yomi, an ce jirgin komawarki sai Laraba. Ki zo mini Litinin da safe da littafi da alƙalami, ki rubuta wane ne a kwance a ina, ki zo da wuri, domin da safe kaina ya fi zama daidai.

Ubangiji ya jiƙan ki, Sisi Remi, ya yafe miki, ya karɓe ki cikin hutawar Almasihu. Shi da ba ya bukatar dutse kafin ya san inda bawansa yake kwance, ya tashe ki tare da naki a ranar ƙarshe. Ni kuma ya ara mini hankalina har zuwa Litinin. Amin.