Ciyawa Mai Kama da Gira

Verna Hlavaty ce kaɗai ta rage a hanyar da ke zuwa tsohon cocin ƙauyensu, a yammacin Kansas. Maƙwabta sun sayar da gonakinsu sun koma birni, mijinta kuma ya rasu. Sai ta ɗora wa kanta kula da maƙabartar cocin, wurin da garma ba ta taɓa shiga ba. A nan ciyawar asali ta tsira, irin wadda fari kan busar kamar ta mutu, ruwa na sauka ta farfaɗo daga saiwa.

Yayarta Delfina ce gwanar ciyayi tun suna yara suna kiwon shanun babansu. Yanzu tana gidan tsofaffi a birni, ido ya tafi, hankali ma ya fara binsa. Duk Lahadi Verna kan tuƙa tsohuwar akori-kurarta ta je duba ta.

Wata rana da kaka, Verna ta ga wata gajeriyar ciyawa a bayan kabarin mahaifiyarsu, kanta a lanƙwashe kamar gira. Sunan ciyawar ya ɓace mata. Ta daɗe tsaye cikin iska tana lalubensa, ga shi babu wanda za ta waiga ta tambaya. Ta tsinko ta, ta tafi da ita wurin Delfina.

"Yaya, ni ce Verna."

"Verna tana makaranta," in ji Delfina. "Ke ce mai kawo magani?"

Verna ba ta yi musu ba, ta sa mata ciyawar a tafin hannu. Delfina ta bi ta da yatsa a hankali.

"Ciyawar grama ce, shuɗiyar. Taɓa ki ji, 'ya'yan duk gefe ɗaya suka jeru. Akwai mai kama da ita, amma waccan tana da tsinke a ƙarshe. Ƙanwata har yau ba ta iya bambance su. Kai kamar kabewa, sai dai kirki."

Verna ta yi dariya har da hawaye.

"In kin gan ta ki ce ina cigiya," in ji Delfina. "Ta kwana biyu ba ta leƙo ni ba."

"Zan faɗa mata, Yaya."

Delfina ta rasu kafin ƙanƙarar hunturu ta narke. Lowell, ɗan Verna, ya zo jana'iza daga Denver, ya ce ta tattara kayanta ta bi shi. Ta ce ya bari sai bayan kaka. Haka ta riƙa ce masa kowace shekara, har ya daina tambaya.