Kaka da Jirgin Njamena

Har yau in jirgi ya taso daga filin jirgin M'Poko na nan Bangui ya bi ta saman kwanon gidanmu, sai in ajiye abin da ke hannuna. Kunya ce ke kama ni, kuma bari in gaya muku dalili.

Shekarar da sojoji suka yi tawaye ina yarinya. An rufe kasuwa, an rufe makaranta, ana jiyo harbi ta wajen kogi. Baffa, babban ɗan Kaka, ya samo wuri a jirgin Njamena. Ya kwashi matarsa da 'ya'yansa, har da dilolin atamfar shagonsa. Uwar da ta haife shi ce kawai ba ta samu kujera ba.

Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ce, "Hajiya, ba nisa. Ko awa biyu ba a yi a sama. Ina sauke su zan juyo in ɗauke ki."

Kaka ba ta san awa ba. Ita da ta zo Bangui tana amarya a bayan motar kaya, sati da sati tana hanya, ina ruwanta da agogo? Ta tambayi Inna, mahaifiyata, Inna ta ce kamar tsakanin Azahar da La'asar ne. Shi ke nan Kaka ta yanke cewa da La'asar ɗanta zai dawo. Ta ɗaure zane biyu da carbi da likkafaninta a ƙunshi. Kullum in aka kira sallah a masallacin Koudoukou, sai ta idar ta fito tsakar gida ta zauna da ƙunshin a cinya. Inna ta san Baffa ya sayar da shagon, amma ta kasa faɗa mata.

Ni na ƙirƙiro wasan, ba zan ɗora wa kowa ba. Zaman kulle ya ishe mu. In jirgin soja ya wuce, sai ni da ƙanena mu ruga mu ce mata da yaren Sango, "Kaka, avion a ga awe," wato jirgi ya iso. Sai ta dafa bango ta miƙe a hankali, ta gyara mayafi, ta ja ƙafa har bakin ƙofa. Mu kuwa muna bayan duro muna shaƙe dariya. Ta duba titi ba kowa, ta dawo ta zauna.

Wata rana ta kira ni, ta zare zoben azurfarta ta sa mini a hannu. "Ungo, 'yar nan. In na tafi kada ki manta da ni." Na karɓa na yi godiya, washegari na sake yi mata.

Ran nan an yi ruwa, ƙasa ta yi santsi. Muka sake ce mata jirgi ya iso, ta taso kamar kullum, ta zame kusa da rijiya, ƙugunta ya karye. Shingen sojoji ya hana a kai ta asibiti. Ta yi kwanaki tana nishi, ba ta taɓa gaya wa Inna abin da ya tashe ta ba, har ta cika. Da gari ya lafa Baffa ya zo ta'aziyya, ya fi kowa kuka.

Yanzu yara a waya suke duba tsawon tafiyar jirgi, ba mai tambayar kowa. Ni kuma gwiwa ta fara hana ni tashi sai da dafa bango, sai yanzu na san wahalar da miƙewa ɗaya ke ba tsohuwa. Mun tashe ta ya fi a ƙirga, kuma ko sau ɗaya ba ta ƙi tashi ba.