Ƙurar Katako da Gaisuwar da Ban Je Ba

Assalamu alaikum. Tun bayan cirar albasa kun ji ni shiru, babu hoton kujera, babu na tebur. Wasu sun turo saƙo ban amsa ba. Ku yi haƙuri, kwance nike.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Ummaru, malamin firamare ne ni a Wurno. Aikin katako sha'awa ce kawai. Ina da ɗan ɗaki bayan gida mai taga guda, da injin yanka da na goge katako. In na taso makaranta, nan nike wuni.

Da tari abin ya faro. Nakan fito ɗakin gira ta yi fari, in fyace hanci in ga garin katako, ban ɗauke shi komai ba. Daga baya zuwa masallaci ma sai na tsaya hanya na huta. Ga zazzaɓi da marece, ga rama.

Maiɗakina Hadiza ta ce, "Malam, wanga tari ba na sanyi ba na. Ka tahi asibiti."

A asibiti anka karɓi kakina, anka ce ana zaton tibi, wato tarin fuka. Kafin sakamako ya fito in nisanci mutane, musamman yara da tsofaffi. Hadiza ta ware mini kofi da kwano tana ɓoye hawaye.

Mahaifiyata, Inna, tana Kwargaba wurin yayana, ita ma lokacin ƙafafunta sun kumbura. Duk Juma'a nike zuwa gaishe ta. Sai na daina.

Ta sa anka kira mata ni a waya.

"Ummaru, mi ya hana ka zuwa?"

"Inna, tari nike, ban son in sa maki."

"Tarinka ni za shi ba tsoro? Taho in gan ka."

Na ce ta bari sakamako ya fito.

Ya fito, babu tibi. Amma anka ce wani lokacin gwajin bai nunawa, sai an sake. Na ci gaba da jira, kuma don kaɗaici na ƙara yawan zama ɗakin katako. Wata safiya, bayan makaranta ta ce in koma aji, ina gaban allo numfashi ya sarƙe, na zube gaban ɗalibai.

Sakkwato anka kai ni. Robar iska a hanci, ɗibar jini, hoton ƙirji, sannan a ba ka wani bututu a ce ka busa iyakar ƙarfinka. Albasar da munka ajiye muna jiran ta yi daraja, duk ta tahi a kuɗin iskar asibiti da magani. Na ji tsoron mutuwa, ba zan ɓoye maku ba.

Wani likita ya daɗe yana duban hoton, sannan ya ce, "Malam, ban da koyarwa wane aiki kake yi?"

Na faɗa mashi. Ya ce ƙurar katakon ce ta kumbura mini huhu, mai laushin nan da ido bai cika gani ba. Na ce, "Likita, ana ɗauka?" Ya ce, "Ko kofi ɗaya kunka sha da mutum ba za shi ɗauka ba."

Yana fita na ce wa Hadiza, da an sallame ni Kwargaba za mu fara zuwa. Ta sunkuyar da kai.

"Malam, Inna ta rasu tun ranar Talata. Yaya ya ce kar a faɗa maka sai an cire maka iska."

Ban da abin da zan rubuta kan wannan. Na guje mata don in kare ta daga ciwon da ban da shi.

Da na dawo gida na daɗe ban buɗe ɗakin ba. Likita ya ce ko dai in bar aikin, ko in raba numfashina da ƙurar. Abokina Sani mai walda ne ya matsa mini. Ya ce, "Zaman nan da kake yi kana tunani shi ma ciwo na. Tashi mu gwada wani abu."

Munka samu duron roba mai murfi, da bokiti, da bututun ruwa, da tsohuwar fankar zuƙo iska. Munka yanke gindin bokitin munka ɗora shi kan murfin duron. Bututun da ke jawo ƙura daga bakin inji ya shiga ta gefen bokitin a karkace, don iskar ta riƙa juyawa kamar guguwa. Garin katako ya faɗa duro, sauran iskar kuma fankar ta zuƙe ta ta wani bututu a saman bokitin, wanda munka huda bango munka fitar waje. Gwajin farko ƙura ta feso ta bakin murfi. Sani ya kore ni waje, ya yanko tsohon tiyub ɗin babur ya naɗe wurin. Karo na biyu ta zauna.

Da munka buɗe duron na ga abin da ya tara a wuni guda, sai na zauna ƙasa. Irinsa nike shaƙa shekara da shekaru.

Yanzu alhamdu lillahi ina zuwa masallaci ban tsaya ba, na koma aji. Gudu da ɗaukar kaya kam sun wuce ni.

Na gode wa Hadiza, da Sani, da ma'aikatan jinya, da malaman da sunka riƙe mini aji. Allah shi saka maku.

'Yan uwana masu aikin katako, ku haɗa irin wanga duro tun kuna da lafiya, ku ƙara taga, ku sa takunkumi mai tace ƙura, ƙyalle bai isa ba. Duron bai kama mai laushin duka. In tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ku je asibiti, kuma ku faɗa wa likita duk aikin da kuke yi ko bai tambaya ba.

In kuma anka ce ku nisanci mutane, ku kiyaye, amma ku tambayi yadda za ku ga iyayenku. Da na sa takunkumi na tsaya bakin ƙofa, da Inna ta gan ni.