Hannun Inna Mai Kifi

A gidansu in jikin yaro ya yi ɗumi ba a neman ma'aunin zafi, Inna Mai Kifi ake kira. Ta ɗora hannu a goshi, ta ce "asibiti", ko ta ce "lambo ne, tashi ka wuce makaranta", magana ta ƙare.

A ɗakin sanyi na kasuwa take aiki. Ta farke kwalin daskararren kifi, ta ɓamɓare su da yatsu, ta kankare, ta yanka. Tun tana goyon 'yarta ta fari take yi, har ta ga jika. Sannu a hankali yatsun suka daina jin sanyi, ita kuwa har tinƙaho take: "Ni da ƙanƙara ai mun zama 'yan uwa." Baiwar Allah, ko sau ɗaya bai zo mata a rai ba cewa hannun da ya daina jin sanyi ya daina jin zafi.

Wata safiya jikarta, wadda take kira Takwara, ta tashi tana ƙananan koke-koke. Uwar ta ce, "Inna, taɓa mini ita. Ko in fasa zuwa aiki?"

Inna ta taɓa. "Sanyi ƙalau. Rigima ce irin ta ubanta. Jeki abinki."

Sai da yamma, da yarinyar ta ƙi ko ruwa, Inna ta sunkuya rarrashi, leɓenta ya gogi goshin. Wuta! Ko takalmi ba ta tsaya sawa ba, ta ruga da ita asibiti.

Takwara ta rayu, amma zazzaɓin ya tafi da jin kunnenta. A asibitin wata nas ta tsikari yatsun Inna da allura, shiru. Ta taɓa mata leɓe da bayan allurar, Inna ta zabura.

"Jijiyoyin jin taɓawa sun fi taruwa a kan yatsu da leɓe, Inna," in ji nas. "Na yatsunki sun mutu tuni."

Babu wanda ya ga laifin Inna, kuma wannan ya fi komai cin ranta. Yanzu in an miƙo mata yaro, sai ta ɓoye hannuwa cikin zane.

Takwara kuwa ta koyi ɗora yatsu a bakin mai magana don ta ji motsinsa. Kullum Inna takan ja hannun ta ɗora a leɓenta, ta ce, "Ki yafe mini." Yarinyar sai ta ji cakulkuli, ta ƙyalƙyale da dariya, ta sake miƙo hannu a ƙara mata.